Shekarar jar riga: wa zai ɗauki nauyin jiran ɗan wasan Zango?

Ranar 12 ga watan Oktoban 2025, a babban filin wasa na Accra, Mohammed Kudus ya zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Comoros, abin da ya tabbatar wa Ghana gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2026, karo na biyar ke nan a tarihinta. A Nima, unguwar da aka haife shi, da maƙwabciyarta Maamobi, kowane uba da ke da yaro mai taɓa ƙwallo ya sake yin lissafi a zuciyarsa. Mako uku bayan haka, ranar 3 ga Nuwamba, aka buɗe kakar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a ƙarƙashin sababbin dokoki waɗanda ba a cika jin labarinsu a wannan yanki namu ba. Sai dai dokokin sun taɓa wata tambaya da ake yi kullum a bakin filin Kawukudi da ɗakunan zangunan Accra: yaron da ke da baiwa amma bai nuna ba, a jefa shi fili yanzu ko a bar shi ya ƙara shekara? In kuma za a bar shi, wa zai ciyar da shi har ya nuna?

Amurkawa sun daɗe da ba wannan jira suna. Suna ce masa jar riga, daga jajayen rigunan da 'yan wasan da ba sa cikin jerin masu buga gasa suke sawa a wurin atisaye. A ƙa'idar da ke aiki a 2025, hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, NCAA, ta ba kowane ɗalibi shekara biyar daga ranar da ya fara karatu, amma kaka huɗu kawai zai buga a cikinsu. Saura shekara ɗaya ke nan. Idan koci ya ga yaro bai yi ƙwari ba, sai ya ajiye shi. Yaron zai ci gaba da karatu, ya ci abincin makaranta, ya yi atisaye da manya, ya ɗaga ƙarfe, amma ba zai taka fili a wasan gasa ba. A ƙwallon kwando dokar tana da tsauri, domin ko minti ɗaya ya buga a wasan gasa, kakar ta ƙirgu. A wasan zari-rugar Amurka kuwa, tun 2018 an yarda yaro ya buga har wasa huɗu ba tare da ya yi asarar shekarar ba. Akwai kuma sassauci na daban ga wanda ya ji rauni a rabin farko na kaka alhali bai buga fiye da kashi 30 cikin 100 na wasanni ba.

'Yan Afirka na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan tsari, kuma dalilin a bayyane yake. Yaron Amurka yakan fara jefa ƙwallo a kwando tun yana ɗan shekara shida ko bakwai. Namu kuwa ƙwallon ƙafa yake bugawa har sai tsayi ya yi masa yawa, wani ya gan shi a kasuwa ko a makaranta ya ce ai wannan na kwando ne. Hakeem Olajuwon mai tsaron raga ne a Legas, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai yana kusan shekara 15. Da ya isa jami'ar Houston a 1980 bai buga kakar farko ba, saboda hukumar NCAA ba ta kammala tantance shi ba, a kaka ta biyu ma daga benci yake shigowa. A lokacin hutu ne ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, ɗaya daga cikin manyan NBA na zamanin, a wani zauren wasa na birnin. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Pascal Siakam na Kamaru, wanda shi ma ya fara wasan a makare, ya zauna a gefe kakar 2013 zuwa 2014 a jami'ar New Mexico State. Shekara biyu bayan haka ya zama gwarzon rukunin da jami'arsa take bugawa, Toronto ta ɗauke shi a lamba 27, ya kuma ci kofin NBA a 2019. Shugaban Toronto a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya.

'Yan Ghana uku, hanya uku

Ghana ba ƙasar ƙwallon kwando ba ce kamar Senegal ko Najeriya ko Mali, amma ta tura 'ya'yanta jami'o'in Amurka, kuma labarin uku daga cikinsu ya isa a gane abin da shekara guda take nufi.

Amida Brimah, haifaffen Accra, ya shiga jami'ar Connecticut a 2013 yana siriri, bai kuma daɗe da fara wasan ba. Ba a sa masa jar riga ba, domin ƙungiyar na buƙatar dogo mai tare ƙwallo a bakin kwando. A wasan farko na gasar ƙasa ta 2014, da Saint Joseph's, saura ƙasa da minti ɗaya a fitar da su, shi ne ya ci makin da ya kai wasan ƙarin lokaci, daga nan suka wuce har suka ɗauki kofin. Ya yi shekararsa huɗu cif, ya gama. NBA ba ta zaɓe shi a 2017 ba, sai a 2021 ya buga wa Indiana wasanni ƙalilan.

Ben Bentil, ɗan Sekondi-Takoradi, ya yi gaggawa, kuma a lokacin ba wanda zai ga laifinsa. A shekararsa ta farko a jami'ar Providence yana cin maki shida da ɗoriya a kowane wasa, a ta biyu ya haura 21, ya fi kowa a rukuninsu. Ya ga da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ya bar sauran kaka biyu da yake da su, ya shiga zaɓen 2016. Boston ta ɗauke shi a lamba 51, ta sallame shi kafin a fara kaka. A 2017 ya buga wa Dallas wasa uku, ya zama haifaffen Ghana na farko da ya taka filin NBA, daga nan ya koma neman abincinsa a Turai. Bai faɗi ba, ya buga wa manyan ƙungiyoyi irin su Panathinaikos ta Girka. Amma tambayar da masu bin wasan suka yi ta yi ita ce ko da ya ƙara kaka ɗaya da an ɗauke shi a zagayen farko, inda kwantiragi ke da tabbas.

Na uku, Nathan Mensah, ɗan Accra, jiran ne ya zo masa ba da son ransa ba. A kakarsa ta biyu a San Diego State aka gano jini ya daskare masa a huhu, ya rasa mafi yawan kakar 2019 zuwa 2020. Sannan annobar korona ta sa NCAA ta ƙi ƙirga kakar da ta biyo baya ga kowa. Da haka ya sami shekara ta biyar, kuma a cikinta ne, a 2023, ya kai jami'arsa wasan ƙarshe na ƙasa, inda Connecticut ta doke su. Sau biyu a jere yana zama gwarzon mai tsaron baya na rukuninsu, ya kuma sami shiga Charlotte a NBA. Ba don wannan ƙarin shekara ba, da ƙila ya bar jami'a kafin manyan ƙungiyoyi su san da shi.

Abin da ya canza

Jar riga alkawari ce tsakanin mutum biyu. Koci ya ciyar da yaro shekara guda bai amfane shi da komai ba, da fatan zai more shi shekara huɗu masu zuwa. Yaro kuma ya haƙura da zama a benci, da sanin cewa wurinsa na nan. Abin da ya riƙe wannan alkawari a da, in za a faɗi gaskiya, ba mutunci ba ne, doka ce: duk ɗan wasan kwandon da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Kowa na tsoron wannan, sai kowa ya zauna inda yake.

Cikin shekara bakwai an warware igiyar. A Oktoban 2018 aka buɗe rumbun intanet inda ɗan wasa ke sa sunansa idan yana neman sauya makaranta. A 2021 aka yarda ya sauya sau ɗaya ya buga nan take, kuma daga 1 ga Yulin wannan shekara aka ba 'yan wasa damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2024, bayan matsin lambar kotu, aka cire iyakar sauyin gaba ɗaya. Sannan ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya kawo ƙarshen ƙarar da aka fi sani da sunan House. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'ar da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A maimakon tsohuwar iyakar guraben karatu 13 ga ƙungiyar kwando ta maza, yanzu iyakar ta koma kan yawan mutane: 15, ko suna bugawa ko ba sa bugawa.

Sa kanka a matsayin koci. Kujera 15 gare ka, aikinka kuma ya dogara da sakamakon bana. A bazarar 2025 'yan wasa fiye da 2,000 na babban rukuni suka sa sunansu a rumbun sauya sheƙa, daga jami'o'i 360 da 'yan kai. Wato akwai ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa ɗari, yana jiran kiranka. Ga ƙwararrun matasa daga ƙungiyoyin Turai da yanzu kuɗi ke jawo su. Har wanda ya taɓa buga wasan kuɗi a ƙaramar gasar NBA an fara bari, kamar Thierry Darlan na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da aka ba izinin buga wa Santa Clara a 2025. To me zai sa ka ba dogon yaro daga Maamobi kujera ɗaya, wanda bai iya jifa da hannun hagu ba tukuna? Ko ka gyara shi, ranar da ya fara haske wata jami'a mai kuɗi za ta ɗauke shi kyauta, ba ko sisin diyya, domin a wasannin jami'a babu kuɗin sayen ɗan wasa. Ka yi noma, wani ya zo ya girbe.

Ba na cikin masu kukan cewa an ɓata wasa. Shekara da shekaru jami'o'i da gidajen talabijin suna kwasar biliyoyi a kan guminsu, yaran kuwa ko kuɗin mota ba a yarda a ba su ba. Gyaran ya zo a makare ma. Sai dai kowane gyara yana da wanda yake takewa, kuma a nan wanda aka taka shi ne mai farawa a makare. Abin takaicin kuma shi ne kuɗin da ya kawo wannan sauyi ba ya isa hannun ɗan Afirka da sauƙi, domin bizar ɗalibi da yake zaune da ita ta taƙaita masa yin aikin kuɗi a cikin Amurka, kuma har yanzu jami'o'i da lauyoyi na ta neman hanyar da za a biya shi ba tare da an jefa zamansa cikin hatsari ba. Batun biza ba ƙaramin abu ba ne. Siakam bai halarci jana'izar mahaifinsa a 2014 ba saboda tsoron ba zai iya komawa ba. A Yulin 2025 ma Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Ghana zuwa wata uku, shiga sau ɗaya, kafin a janye matakin a watan Satumba.

Akwai wani tarko da iyaye da masu horar da yara a unguwa ba su cika sani ba. Wani zai ce, tunda jami'a ba za ta jira shi ba, bari ya yi jiran a gida, ya buga gasar Accra shekara biyu ko uku har ya ƙware. Dokar NCAA da ke aiki a 2025 ta ba ɗan kwando shekara ɗaya kacal bayan gama sakandare. In ya wuce haka yana buga wasannin da aka tsara, za a riƙa cire masa daga kakanni huɗun nan. Jiran gida ke nan yana cin shekarun da ake son a tanada. Ƙungiyoyi irin su DUNK, da ke haɗa ƙwallon kwando da karatu ga yaran Nima da Jamestown, da gasar Sprite Ball ta makarantun sakandare, suna gano yara, amma babu ɗayansu da ke da ƙarfin riƙe saurayi ɗan shekara 18 da abinci da likita da zauren atisaye. Makarantar NBA da ke Senegal tana yin haka, ita ta reni Khaman Maluach na Sudan ta Kudu har ya je Duke, aka ɗauke shi a lamba 10 a 2025. Amma 'yan ƙalilan take ɗauka daga nahiyar gaba ɗaya.

Jiran da Kudus ya yi

A ƙwallon ƙafa, wanda shi ne ainihin harkar Zango tun zamanin su Mohammed Polo, ba a san kalmar jar riga ba, amma abin yana nan da wasu sunaye. Labarin Kudus kansa, in aka duba shi da kyau, jira ya fi gudu yawa a cikinsa.

An haife shi ranar 2 ga Agustan 2000. Ya fara da ƙungiyar yara ta Strong Tower a Nima, yana kusan shekara 12 makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Wannan makaranta Tom Vernon, wani Bature ɗan Ingila, ya kafa ta a 1999, tana Old Akrade kusa da kogin Volta. A can ya yi shekara biyar zuwa shida yana karatu yana wasa, ba wanda ya san shi sai malamansa. Dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, in ba da wasu 'yan dalilai ba, don haka ko da an so a yi sauri babu hanya ta halal. A ƙarshen 2015 masu makarantar suka sayi ƙungiyar Nordsjælland ta Denmark, abin da ya sa yaran suka sami inda za su sauka. Kudus ya buga wasansa na farko a can kwana uku bayan ya cika 18. Ya yi kaka biyu, ya ci ƙwallo 11 a gasar ƙasar a ta biyu, sannan Ajax ta saye shi a Yulin 2020 kan yuro miliyan 9, wato sefa biliyan 5.9.

Nan ma wani jiran ya tarar. A wasansa na farko na gasar zakarun Turai, da Liverpool a Oktoban 2020, ya ji rauni a gwiwa tun kafin a yi minti goma. Shekara biyu ya yi tsakanin jinya da benci a ƙarƙashin Erik ten Hag. A Agustan 2022 ya gaji, ya nemi a bar shi ya koma Everton, Ajax ta ƙi. Watanni uku da suka biyo baya su suka sauya rayuwarsa: ya ci Rangers da Liverpool da Napoli a gasar zakarun Turai, ya zura biyu a ragar Koriya ta Kudu a Qatar. West Ham ta ɗauke shi a 2023, Tottenham kuma ta biya kusan fam miliyan 55 a Yulin 2025. Ita Everton ɗin da ya so zuwa, da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a wannan kaka.

Abin lura a nan shi ne a kowane mataki akwai wanda jiran ke yi wa riba. Right to Dream ta ciyar da shi domin ita da Nordsjælland gida ɗaya ne, kuɗin Ajax a aljihu ɗaya ya faɗa. Ajax ta yi jinyarsa domin yana ƙarƙashin kwantiragin shekara biyar, ta san za ta sayar. Wannan riba ce ta jawo attajirin Masar Mohamed Mansour ya zuba jari a harkar a 2021, har suka kafa ƙungiyar San Diego da ta shiga gasar Amurka a 2025. Haƙurin nan na ɗan kasuwa ne, ba sadaka ba, kuma shi ne ainihin abin da kocin jami'ar Amurka ya rasa yanzu. Makarantar ta kuma tanadi ƙofa ta biyu ga waɗanda ba za su yi Turai ba: Abu Danladi ya bi ta jami'ar UCLA aka fara ɗaukarsa a zaɓen MLS na 2017, Joshua Yaro ya bi ta Georgetown, Ousseni Bouda na Burkina Faso ya bi ta Stanford.

Wani nau'in jiran shi ne aro, kuma shi ya fi kama da caca. Brighton ta sayi Simon Adingra na Côte d'Ivoire daga Nordsjælland a 2022, ta ba Union Saint-Gilloise ta Beljiyam aronsa kaka ɗaya, ya dawo ya sami wuri, ya kuma ba da ƙwallo biyun da ƙasarsa ta ci kofin Afirka da su a Fabrairun 2024. Ibrahim Osman ya bi sahunsa zuwa Brighton a 2024, aka tura shi Feyenoord, daga nan Auxerre ta Faransa. Amma marigayi Christian Atsu ya yi shekara huɗu yana ɗan wasan Chelsea, daga 2013 zuwa 2017, aka yi ta yawo da shi Vitesse, Everton, Bournemouth, Málaga, Newcastle, bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Dominic Adiyiah, gwarzon gasar 'yan ƙasa da 20 da Ghana ta ci a Masar a 2009, wanda Luis Suárez ya tare ƙwallonsa da hannu a 2010, ya je AC Milan ya fita bai buga ba. Irin wannan tara yara a rumbu ne ya sa FIFA ta taƙaita aro zuwa wata ƙasa tun 2022, har ta kai shi mutum shida daga 2024, ko da yake ta keɓe matasan da ƙungiya ta rena da kanta.

Lissafin gida

Duk wannan labarin waɗanda aka zaɓa ne. Mafi yawan yaran da ke tashi da asuba su nufi fili a Nima ba wata makaranta da ta ɗauke su. Nasu jiran a kan uwa yake, mai sayar da waake ko koko, da yaya mai tuƙa babur, da kawun da ke Jamus ko Italiya. Idan dillali ya zo da tayin gwaji a wata ƙaramar ƙungiya a gabashin Turai ko ƙasashen Larabawa, wanda ya ce a jira shekara guda sai a tambaye shi ko shi zai riƙa ba da kuɗin cefane. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma mai wannan magana ba wawa ba ne. Ya ga yaran da suka jira har gwiwa ta tafi.

Sannan a wannan kasuwa shekaru su ne farashi. Ɗan 18 mai gudu ana yi masa kallon jari, ɗan 22 mai irin gudun ana yi masa kallon wanda ya gama nuna iyakarsa. Daga nan ne rage shekaru ya samo asali, abin da ya sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Ba na kare ƙarya, amma in an lura, mai rage shekara uku a takarda jar riga yake ɗinka wa kansa ta ɓarauniyar hanya. Yana neman lokacin da babu wanda ya ba shi.

Shi ma mai horar da yara a unguwa ba a ba shi dalilin haƙuri ba. FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi, amma lissafin yana farawa ne daga shekara 12 zuwa 23, kuma sai in an yi wa yaron rajista a hukumance. Wanda ya koya masa taɓa ƙwallo yana ɗan bakwai, ya saya masa takalmi, ba ya cikin rabon. Wanda kuma ya riƙe shi daga 13 zuwa 16 ba tare da takarda ba, ya yi wa wani aiki. A ganina nan ne hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana da asusun raya zanguna da aka kafa a 2017 za su fi yin tasiri da kuɗi kaɗan. Shimfiɗa filin roba abu ne mai kyau, ana ganinsa, ana yanka kyalle. Amma rajistar kowane yaro da ƙungiyarsa, da lauyan da zai bi wa ƙananan ƙungiyoyi haƙƙinsu a waje, su ne za su sa mai horarwa ya daina tura yaro da wuri don ya karɓi ɗan abin da dillali zai miƙa masa.

Ga iyalin da takardar gurbin karatu ta zo musu daga Amurka kuwa, in koci ya ce zai ajiye yaro shekarar farko, bai kamata a ɗauka raini ba ne. A yanayin da ake ciki, kocin da ya yarda ya ba da kujera ɗaya cikin 15 ga wanda ba zai buga ba, ya ga wani abu a jikinsa. Abin tambaya shi ne shekara nawa tallafin ya ƙunsa a rubuce, kuma yaya matsayin kocin kansa yake, domin in aka kore shi, magajinsa da nasa mutanen zai zo. Doka ta hana a janye tallafi don yaro ya ji rauni ko bai taka rawar gani ba, amma ba ta hana sabon koci ya kira shi ofis ya gaya masa cewa ba zai ga fili ba. Ɗan Amurka in ya sa sunansa a rumbun sauya sheƙa bai sami mai ɗauka ba, gidansu zai koma. Ɗan Maamobi bizarsa a ɗaure take da makaranta.

Ita kanta jar rigar ƙila ba za ta daɗe ba. A Satumban 2025 wasu 'yan wasa, ciki har da na jami'ar Vanderbilt, sun kai NCAA kotu suna neman a bar kowa ya buga dukkan shekaru biyar ɗin, kuma akwai masu horarwa da dama da ke goyon bayan hakan. In aka yi, yaron da ya fara a makare zai iya shiga wasa minti biyar yau, minti goma gobe, ba tare da fargabar ƙona kaka ba, wanda ya fi zaman benci na shekara guda amfani ga mai koyo. Sai dai manyan da ke gabansa su ma za su ƙara shekara, kujerun kuma suna nan 15.